George Eastman: Mutumin da ya sauƙaƙa sa fim a kyamara

Kafin zuwan wayar salula da kyamarar da ke aiki da fasahar kwamfuta, duk wanda ke son ɗaukar hoto sai ya fara da buɗe bayan kyamara ya sa mata fim. Aiki ne na ƙasa da minti ɗaya, amma idan aka kuskure shi hotunan biki ko na tafiya sukan salwanta baki ɗaya.

Wannan ɗan gajeren aiki shi ne abin da ya rage daga wata doguwar wahala da masu hoto suka sha a ƙarni na 19, kuma mutumin da ya fi kowa rage ta shi ne George Eastman, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Kodak.

Eastman bai ƙirƙiro ɗaukar hoto ba, domin an riga an san wannan fasaha shekaru 15 kafin a haife shi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke nauyin haɗa sinadarai da aikin ɗakin duhu daga wuyan mai kyamara, ya mayar da shi masana'anta.

Maraici da barin makaranta

An haifi George Eastman ranar 12 ga watan Yuli na shekara ta 1854 a garin Waterville da ke jihar New York. Shi ne auta, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yan da suka rayu.

Mahaifinsa, George Washington Eastman, yana da wata makarantar koyar da harkokin kasuwanci a birnin Rochester, inda iyalin suka koma a shekara ta 1860. Shekara biyu bayan haka mahaifin ya rasu, ya bar iyalin cikin ƙunci.

Mahaifiyarsa, Maria Kilbourn, ta riƙa saukar da 'yan haya a gidanta tana dafa musu abinci domin ta ciyar da 'ya'yanta, ciki har da wata yayarsa mai fama da cutar shan inna wadda ta rasu a shekara ta 1870.

Yana da kimanin shekara 14 ya bar makaranta ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora kan albashin dala 3 a mako. Ya riƙa koyon aikin akanta da daddare, kuma a shekara ta 1874 ya samu aikin ƙaramin akawu a bankin Rochester Savings Bank.

Tun a wancan lokaci aka san shi da tsantseni a kan kuɗi. Yakan rubuta duk abin da ya kashe a ɗan littafi komai ƙanƙantarsa, kuma bai bar wannan ɗabi'a ba har bayan da ya yi arziki.

Kayan hoto na wancan zamani

A shekara ta 1877 Eastman ya yi niyyar tafiya Santo Domingo da ke yankin Karibiyan, sai wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya ɗauko hotunan tafiyar. Wannan ne ya sa ya sayi kayan hoto a karon farko.

Kayan sun haɗa da ƙatuwar kyamara ta katako, da abin ɗora ta mai ƙafa uku, da faifan gilashi, da kwalaben sinadarai, da tulun ruwa, da kuma tanti wanda za a mayar ɗakin duhu. Sai da ya biya wani mai hoto na garin dala 5 kafin ya koyi yadda ake aiki da su.

Hanyar da ake bi a lokacin ita ce wadda wani Baturen Ingila mai suna Frederick Scott Archer ya fito da ita a shekara ta 1851. Mai hoto zai shafa wa gilashi wani ruwa mai danƙo, ya tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa a cikin duhu, sannan ya rufe shi cikin wani allo ya ruga da shi zuwa kyamara.

Sinadarin azurfa shi ne yake sauyawa idan haske ya taɓa shi, kuma sauyin nan ne yake zama hoto. Sai dai yana aiki ne muddin gilashin na da danshi, wato dole a ɗauki hoton a kuma wanke shi cikin kimanin minti 10 zuwa 15.

Ma'ana, kowane hoto guda sai an shirya masa gilashinsa a wurin da za a ɗauke shi. Shi ya sa sana'ar ta kasance a hannun ƙwararru da 'yan tsirarun masu hali da ke da lokacin ɓatawa.

Eastman bai yi tafiyar ba. Amma daga lokacin hankalinsa ya koma kan tambaya guda, wato yadda za a shirya abin da ke kama hoto tun a masana'anta, a ajiye shi, a sa shi cikin kyamara a duk lokacin da aka ga dama.

Gwaje-gwaje a ɗakin girki

A cikin mujallun hoto na Birtaniya ya karanta cewa wasu na amfani da jelatin a maimakon wancan ruwa mai danƙo. Jelatin shi ne abin da ke daskarewa idan an dafa fata ko ƙashin dabba, kamar yadda romon ganda ke yi idan ya huce. Wani likita, Richard Leach Maddox, shi ne ya bayyana wannan dabara a shekara ta 1871.

Amfanin jelatin shi ne yana riƙe sinadarin azurfa ko bayan ya bushe, don haka ana iya ajiye gilashin watanni kafin a yi aiki da shi.

Kusan shekara uku Eastman ya yi yana aikin banki da rana, da daddare kuma yana dafe-dafen sinadarai a ɗakin girkin mahaifiyarsa. Ya kuma ƙera wata na'ura da ke shafa haɗin a kan gilashi daidai wa daida, wadda ya je Landan ya yi wa rajistar mallaka a shekara ta 1879.

A shekara ta 1880 ya kama hayar bene na uku a wani gini da ke titin State a Rochester ya fara sayar da busasshen gilashin hoto. Wani ɗan kasuwa mai yin bulalar keken doki, Henry Strong, ya zuba jari, suka kafa kamfani a farkon shekara ta 1881. A cikin shekarar ce Eastman ya ajiye aikin banki.

Ba a daɗe ba kamfanin ya kusa rushewa. Gilasan da ke hannun dillalai sun daina kama hoto, kuma ba wanda ya san dalili. Eastman ya karɓe su duka ya yi alkawarin maye gurbinsu, ya rufe masana'antar na ɗan lokaci, sannan ya tafi Ingila neman bakin zaren.

Daga bisani aka gano cewa matsalar daga jelatin ɗin da aka sauya masa take. Sai a shekara ta 1925 wani masanin kamfanin, Samuel Sheppard, ya tabbatar da cewa ɗan sinadarin farar wuta da ke cikin jelatin, wanda ke da nasaba da abin da shanun suka ci, shi ne yake ƙara wa fim saurin kama haske.

Biyan diyyar ya cinye kusan duk abin da kamfanin ya tara, amma ya jawo masa amincewar masu hoto.

Daga gilashi zuwa naɗi

Busasshen gilashi ya kawar da tanti da kwalabe, amma har yanzu yana da nauyi, yana fashewa, kuma sai an cire ɗaya an sa wani bayan kowane hoto.

Eastman ya haɗa kai da wani maƙerin kyamara, William Walker, suka fito da wani akwati da ake maƙalawa a bayan kyamara, wanda suka samu takardar mallakarsa a shekara ta 1885. A cikinsa akwai doguwar takarda mai sinadari da aka naɗe a jikin kwarkwaro, irin yadda ake naɗe zaren ɗinki. Idan an ɗauki hoto sai a murɗa, sashen da ya kama hoton ya naɗe a kwarkwaro na biyu, sabon sashe ya zo gaban idon kyamara.

Wannan tsari na kwarkwaro biyu, ɗaya na saki ɗaya na naɗewa, shi ne ginshiƙin kusan duk wata kyamarar fim da aka yi bayan nan.

Sai dai ƙwararrun masu hoto ba su karɓe shi kamar yadda ya yi zato ba, domin zanen jikin takardar yakan fito a hoto, kuma gilashi ya fi ta fitar da hoto tangaram. Ganin haka sai Eastman ya yanke shawarar neman wasu masu saye daban, wato jama'ar gari waɗanda ba su taɓa riƙe kyamara ba.

Kyamarar Kodak

A shekara ta 1888 ya fito da wani ɗan akwati da aka lulluɓe da fata, wanda za a iya riƙewa da hannu ba tare da ƙafa uku ba. Ya sa masa suna Kodak, kalmar da ba ta da ma'ana a kowane harshe. Shi ya ƙirƙire ta domin yana son harafin K, kuma yana son suna gajere wanda ba zai yi wuyar faɗa ba a ko'ina.

Ana sayar da ita dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. Hotunan zagayayyu ne, faɗin kowanne inci biyu da rabi. Abin da mai ita zai yi uku ne kawai: ya ja wata igiya domin ɗana marufin idon kyamarar, ya danna maɓalli, sannan ya murɗa mabuɗin da ke jawo fim.

Idan fim ɗin ya ƙare sai ya aika da kyamarar ɗungurungum zuwa Rochester tare da dala 10. A can za a cire fim ɗin a ɗakin duhu, a wanke, a buga hotunan, a sa sabon fim, a mayar masa da ita.

Tallan da Eastman ya rubuta da kansa ya yi wa mai saye alkawarin cewa danna maɓalli ne kawai aikinsa, sauran kuwa na kamfani ne. Daga nan aka samu sana'ar wankin hoto a matsayin sana'a mai zaman kanta, dabam da ta ɗaukarsa.

A shekara ta 1889 masanin sinadarai na kamfanin, Henry Reichenbach, ya samar da fim mai kama da leda wanda haske ke ratsawa, aka huta da takarda. Irin wannan fim ne William Dickson, ma'aikacin Thomas Edison, ya yanka zuwa faɗin milimita 35 ya huda gefunansa, wanda ya zama ma'aunin fim ɗin silima a duniya.

Aibinsa shi ne saurin kamawa da wuta, lamarin da ya haddasa gobara a gidajen silima da wuraren ajiya, har zuwa farkon shekarun 1950 lokacin da aka daina yinsa aka koma wani nau'i mara haɗari.

Sa fim da rana tsaka

Duk da nasarar Kodak ta farko, akwai sauran matsala. Wanda fim ɗinsa ya ƙare yana cikin tafiya ba shi da abin yi, domin da zarar ya buɗe akwatin a fili haske zai ƙone duk abin da ya ɗauka.

A shekara ta 1891 kamfanin ya fito da kyamarori da ake iya sauya wa fim ba tare da shiga ɗakin duhu ba, amma mafita mafi inganci daga wajen wani mutum dabam ta fito.

Samuel Turner, mai wani ƙaramin kamfanin kyamara a birnin Boston, ya naɗe fim tare da doguwar baƙar takarda wadda ta fi shi tsawo. Takardar ce ke fara fitowa lokacin da ake sawa, ita ce kuma ke rufe shi idan ya ƙare, don haka haske ba ya kaiwa gare shi. A bayan takardar an buga lambobi, waɗanda ake gani ta wata 'yar jar taga a bayan kyamarar.

Eastman ya ga amfanin wannan dabara, ya sayi haƙƙinta da kamfanin Turner a shekara ta 1895, kuma a shekarar ya fito da kyamarar Pocket Kodak mai shiga aljihu a kan dala 5.

A watan Fabrairu na shekara ta 1900 sai ga Brownie, wadda Frank Brownell ya tsara. An yi ta da kwali, kuɗinta dala 1, fim ɗinta mai hoto shida kuma santi 15. Yara aka nufa da ita, kuma sama da guda 150,000 aka fitar a shekarar farko.

Sa mata fim ba ya buƙatar ƙwarewa. Za a ajiye cikakken kwarkwaro a gefe ɗaya, a ja bakin takardar a cusa shi a tsagin kwarkwaron da ba komai a jikinsa, a murɗa kaɗan a ga ta kama kuma ba ta karkace ba, sannan a rufe. Daga nan sai a ci gaba da murɗawa har lamba 1 ta bayyana a jar tagar.

Fim mai lamba 120 da kamfanin ya fitar a shekara ta 1901 a kan wannan tsari yake, kuma har yau ana yinsa.

A nan ne lissafin ɗan kasuwar ya fito fili. Kyamara sau ɗaya ake saye, amma fim da takardar buga hoto kullum sai an sake saye. Saboda haka ya riƙa karya farashin kyamara domin a yawaita masu buƙatar fim.

Fim mai milimita 35

Fim ɗin da akasarin mutane suka sani, wanda ke zuwa cikin ɗan gwangwani da harshensa a waje, bayan rasuwar Eastman ya fito, amma daga tushen da ya kafa.

Wani injiniya Bajamushe, Oskar Barnack, na kamfanin Leitz da ke Wetzlar, shi ne ya ɗauki fim ɗin silima ya ƙera masa ƙaramar kyamarar hoto, wadda aka fara sayarwa da sunan Leica a shekara ta 1925. Da farko masu irinta su ne ke yanka fim su naɗe shi cikin gwangwani a ɗakin duhu.

A shekara ta 1934 Kodak ya fito da gwangwanin da aka riga aka cika tun daga masana'anta, mai lamba 135, tare da kyamarar Retina da August Nagel ya ƙera a Stuttgart. Kowane hoto na cin fili mai milimita 24 a 36, wato tsawon huji takwas na gefen fim ɗin.

Ƙa'idar sa shi a kyamarar da ake sarrafawa da hannu ba ta sauya ba tun daga lokacin. Ana yin aikin ne a inuwa, domin bakin gwangwanin na iya shigar da hasken rana mai ƙarfi. A yawancin kyamarori ana buɗe bayan ne ta hanyar jan ƙullin mayar da fim sama, a ajiye gwangwanin a ɗakinsa, a danna ƙullin ya koma ya riƙe shi.

Sai a ja harshen fim ɗin ya tsallaka zuwa ɗaya gefen ba tare da yatsa ya taɓa labulen da ke tsakiya ba, domin yana da saurin lalacewa. A cusa harshen cikin tsagin kwarkwaron da ke naɗewa, a ja hannun tura fim sau ɗaya, a tabbatar haƙoran ƙafafun da ke jansa sun shiga hujojin sama da na ƙasa.

Bayan an rufe, ana murɗa ƙullin mayarwa a hankali har fim ɗin ya ɗame, sannan a ɗauki hoton banza biyu ko uku domin a wuce sashen da haske ya riga ya taɓa, har ma'aunin ƙidaya ya nuna 1. Kazalika ana daidaita lambar saurin fim ɗin da ke jikin kwalinsa, kamar 100 ko 400, a jikin kyamarar da ke da ma'aunin haske.

Alamar da ƙwararru ke dubawa ita ce ƙullin mayarwa. Idan yana juyawa da kansa a duk lokacin da aka tura fim, to fim ɗin ya kama. Idan bai motsa ba, harshen ya zame, kuma ma'aunin ƙidaya zai ci gaba da hawa har 36 alhali ba a ɗauki komai ba.

Idan fim ya ƙare ba a tilasta hannun turawa, don kada ya tsinke. Ana danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamarar, a murɗa fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa gaba ɗaya, sannan a buɗe.

Ganin cewa har wannan ma na ba mutane da dama wahala, a shekara ta 1963 kamfanin ya fito da Instamatic, wadda ake jefa mata rufaffen kwanson roba kawai a rufe. Cikin shekara bakwai an yi sama da miliyan 50.

Shari'a da zargin danniya

Hanyar da Eastman ya bi ya kai ga wannan matsayi ba ta rasa suka ba.

Wani limamin coci a birnin Newark, Hannibal Goodwin, ya nemi takardar mallakar fim mai ratsa haske tun a shekara ta 1887, shekara biyu kafin Reichenbach. Ba a ba shi ba sai a shekara ta 1898, kuma ya rasu a shekara ta 1900 sakamakon wani haɗari, ba tare da ya ci moriyarta ba.

Kamfanin da ya gaji haƙƙin nasa ya kai ƙara, kotu ta ce Kodak ya keta haƙƙin Goodwin, kuma a shekara ta 1914 aka biya dala miliyan 5 domin a kashe maganar.

Gwamnatin Amurka ma ta gurfanar da kamfanin bisa zargin saye abokan hamayya da tilasta wa dillalai sayar da kayansa kaɗai. A shekara ta 1915 kotu ta same shi da laifin mamaye kasuwa, kuma a shekara ta 1921 ya amince ya sayar da wasu sassansa.

Eastman ya kasance mai adawa da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma masana tarihi sun nuna cewa a zamaninsa baƙaƙen fata ba su samu gurbin kirki a masana'antun kamfanin ba.

Rabon dukiya

A ɗaya ɓangaren, yana cikin attajiran Amurka na farko da suka riƙa raba riba da ma'aikata. A shekara ta 1912 ya kafa tsarin ba su wani kaso duk shekara gwargwadon ribar kamfani, kuma a shekara ta 1919 ya ware musu kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa, wanda ya kai dala miliyan 10.

Ya fara taimaka wa cibiyar fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a shekara ta 1912 da sunan aro na Mista Smith, kuma sai a shekara ta 1920 aka bayyana ko wane ne. Abin da ya ba ta ya kai kimanin dala miliyan 20.

Jami'ar Rochester ce ta fi samun kaso mai tsoka, inda ya gina mata makarantar koyon kiɗa a shekara ta 1921, ya kuma taimaka wajen kafa makarantar koyon aikin likita. Ya gina asibitocin haƙori domin yaran talakawa a Rochester, da Landan, da Roma, da Paris, da Brussels, da kuma Stockholm.

A watan Disamba na shekara ta 1924 ya sanya hannu kan kyautar dala miliyan 30 a rana guda, wadda aka raba tsakanin jami'ar Rochester, da MIT, da kuma makarantun baƙaƙen fata na Tuskegee da Hampton. Jimillar abin da ya bayar a rayuwarsa ta haura dala miliyan 100.

Ƙarshen rayuwa

Eastman bai taɓa aure ba. Ya zauna da mahaifiyarsa har ta rasu a shekara ta 1907. Duk da cewa ya sa miliyoyin mutane ɗaukar hoto, shi kansa mutum ne mai gudun shiga jama'a, har yakan yi yawo a Rochester ba a gane shi ba.

A shekara ta 1925 ya miƙa ragamar gudanar da kamfanin ya zama shugaban hukumar daraktoci. A shekara mai zuwa ya tafi farauta da ɗaukar hoto a Kenya tare da masu shirya fim ɗin namun daji, Martin da Osa Johnson.

Ya kuma goyi bayan wata kalanda mai wata 13, kowanne da kwana 28, domin sauƙaƙa lissafin kasuwanci. Duniya ba ta karɓe ta ba, amma kamfanin ya yi aiki da ita a cikin gida daga shekara ta 1928 zuwa 1989.

A shekarunsa na ƙarshe ya kamu da ciwon ƙashin baya wanda ya hana shi tafiya sosai, ya kuma sa shi cikin matsanancin raɗaɗi da damuwa. Ranar 14 ga watan Maris na shekara ta 1932, jim kaɗan bayan ya sanya hannu kan gyaran wasiyyarsa, ya harbe kansa a gidansa da ke Rochester. Yana da shekara 77. Ya bar 'yar gajeruwar takarda ga abokansa inda ya nuna cewa yana ganin ya kammala aikinsa.

An binne tokar gawarsa a harabar masana'antar Kodak Park, kuma a shekara ta 1949 aka mayar da gidansa gidan adana tarihin hoto da silima.

Abin da ya biyo baya

Kamfanin ya ci gaba da bunƙasa shekaru da dama bayansa. A shekara ta 1976 shi ke da kusan kashi 90 cikin 100 na cinikin fim a Amurka, kuma a shekara ta 1988 ma'aikatansa sun haura 145,000 a faɗin duniya.

A shekara ta 1975 wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar hannu ta farko mai aiki da fasahar kwamfuta, wadda ke ɗaukar hoto ba tare da fim ba. Shugabannin kamfanin sun yi jinkirin mayar da hankali a kanta, domin ribarsu a fim take. Wasu kamfanoni, musamman na Japan, suka shige gaba, daga baya kuma wayar salula ta kwashe kasuwar.

A watan Janairu na shekara ta 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi, ya kuma fito daga wannan hali a watan Satumba na shekara ta 2013 a matsayin kamfanin da ya ragu ƙwarai, wanda ya fi karkata ga harkar ɗab'i da sinadarai.

Har yanzu ana yin fim a Rochester domin masu shirya finafinan silima da masu sha'awar tsofaffin kyamarori, waɗanda da dama daga cikinsu matasa ne da suka taso a zamanin waya, kuma sai sun koyi yadda ake sa fim daga farko.